Labari Huɗu Kafin Likita Ya Zo

"Wayyo, kar ki buɗe!"

Sai da maganar ta fita matar Auta ta gane a fili ta yi ta. Ta toshe baki da hannu, ta kifa wayar a cinya. Surukarta, wadda take kwance a gado na huɗu da farar auduga manne a idon dama, ta juyo da kai wajen da muryar ta fito.

"Wa zai buɗe me?"

"Ba komai, Mama. Abu ne a waya."

"Na san ba a jikin bango yake ba. Mene ne?"

Shekara shida ke nan da aurenta da autan Mama, amma in za a tattara duk maganar da ta taɓa shiga tsakaninsu ba za ta cika takarda biyu ba. Ina kwana, ya jiki, a gaida yara. Mama ta yi shekara talatin da biyu tana shugabar makarantar 'yan mata, kuma har yau in ta yi gyaran murya manyan 'ya'yanta gyara zama suke yi. Jiya aka cire mata yana a idon dama. Na hagun ya daɗe da mutuwa tun kafin ta yi ritaya, wannan guda ɗayan shi ya rage mata. Yau likita zai kwance ya ga ko aiki ya yi. 'Yarta ta fari tana wata ƙasa, ta biyun tana fama da tsohon ciki, Auta kuma aiki ya tura shi tafiya. Sai jinyar ta faɗo kan matar Auta. Ta rufe shagon ɗinkinta, ta kai yara wajen ƙanwarta, ta zo ta zauna a kujerar roba tana ƙirga awoyi. Da safe nas ta sanar cewa likita ya shiga tiyata, ba zai zagayo ba sai bayan la'asar.

Kuma kowa a gidansu ya san ra'ayin Mama game da littattafan labari. A gaban matar Auta ta taɓa cewa su ne suke mayar da ƙwaƙwalwar 'yan mata kunu.

"Labari ne, Mama," ta ce a hankali, kamar mai amsa laifi. "Na wata sakatariya. Maigidanta ya ɓace kwana uku, sai aka turo mata ambulan da mukulli a ciki. Yanzu tana ofis ita kaɗai, wani yana ƙwanƙwasa ƙofa, wai shi ɗan sanda ne."

"To, ta buɗe?"

"Ban kai wajen ba."

"Ki kai mana. Amma koma farko, ba na son abu daga tsakiya."

Matar Auta ta dubi fuskar. Babu alamar wasa a cikinta. Ta jawo kujera, ta koma shafin farko, ta fara karantawa ƙasa-ƙasa, muryarta na rawa. Shafi uku kawai rawar ta yi. Irin wannan labari ba ya barin ta ta tuna da kowa. Yatsun ƙafarta suka naɗe cikin takalmi, ta riƙa gudu a kan layuka har sai Mama ta ce, "Waƙafi ne a nan, ki huta." Ta ba direban maigidan murya mai kauri, ta ba matarsa muryar mai mura, ta ba ƙaninsa wata lallausar murya ta mai son a yarda da shi. Ba ta san sauran gadajen sun yi tsit ba, sai da matar gadon taga, wata mai sayar da kwanuka da aka yi wa aiki a idon hagu, ta ɗaga murya.

"'Yar nan, ƙara sauti. Mu ma da kunnuwanmu."

A babi na bakwai matar Auta ta kasa riƙe bakinta. "Wallahi direban nan ne. Tun farko hankalina bai kwanta da shi ba."

"Ƙanin ne," in ji Mama.

"Haba, Mama! Shi da yake ta kuka?"

"Wa ya tambaye shi inda yake ranar Talata? Ba kowa. Shi ya faɗa da kansa, har da ƙarfe nawa. Shekara talatin ina sauraron yaran da suka fasa gilashin taga. Mai gaskiya jira take a tambaye ta."

"Ni dai matar nake zargi," in ji Mai Kwanuka. "Wannan murar tata ba ta Allah ba ce."

Ɗaki ya rabu uku. Wata tsohuwa a gadon ƙarshe ta ce ita kowa ma a kama shi. Matar Auta ta ci gaba, kamar ita aka kulle a ofishin. Da sakatariya ta buɗe durowar maigidan da mukullin ta tarar da agogon ƙanin a ciki, sai ɗakin ya ɗauki sowa. Mai Kwanuka ta tafa. Mama ba ta yi dariya ba, ta dai gyara mayafinta ta ce, "Ai na faɗa."

Matar Auta ji take kamar ta tashi ta yi tsalle. Shekara da shekaru tana karatun nan ita kaɗai, tsakanin ɗinki da ɗinki, ko a motar haya. In ta fara ba Auta labari, kafin ta kai inda daɗin yake ya fara duba saƙonni a waya. Yau ga mutum shida suna jiran bakinta.

"Kina da na ban tsoro?" in ji Mai Kwanuka. "Irin wanda ke tayar da tsigar jiki?"

Tana da shi. Wata biyu yana cikin wayar, ta karanta rabi ta ajiye, domin bayan ta fara shi sai da ta yi mako guda ba ta yarda ta shiga banɗaki ba sai ta bar ƙofa a buɗe. Ita da irin waɗannan labarai kamar yaro ne da barkono: tana kuka tana ƙara lasa. Ta ɗauke ƙafafunta daga ƙasa ta ɗora a sandar kujera, sannan ta fara.

Wata mata ce ta kama hayar ɗaki a bene na uku. Safiyar farko ta ga sawun ƙafa guda ɗaya, jiƙaƙƙe, a bakin ƙofa ta ciki. Ta goge. Washegari ga shi kuma, ya matso da taku ɗaya. Kwana na uku ya wuce tabarma. Matar ta auna da ido ta ga saura taku huɗu ya iso gadonta.

"Ta tashi daga gidan mana," in ji Mama. "Wannan ai rashin hankali ne."

Mai Kwanuka ta ja bargo har haɓa da rana tsaka. Matar Auta ta rage murya. Tana cikin karanta safiyar da sawun ya bayyana a kan zanin gado, sai wani hannu mai sanyi ya sauka a kafaɗarta.

Ihun da ta yi ya tayar da na Mai Kwanuka, na Mai Kwanuka ya tayar da na gadon ƙarshe. Wayar ta faɗi ta shige ƙarƙashin gado. Nas ce, da kwalbar maganin ɗigawa a ɗaya hannun, ita ma ta razana har hularta ta karkace.

"Me ke faruwa a nan? Mutanen da aka yi wa aikin ido jiya! Ba a son su yunƙura, ba a son su yi tari mai ƙarfi ma, ke kuma kin zo kina firgita su? Fita za ki yi, ki jira a baranda."

Matar Auta ta miƙe, kunya da tsoro suka rufe ta. In wani abu ya sami idon Mama saboda shirmenta, da wane baki za ta yi wa Auta bayani?

"Zauna," in ji Mama. Sannan ta juya kai wajen nas, ta fito da muryar da ta yi shekaru tana tsayar da layin ɗalibai ɗari shida. "'Yata, ni na sa ta. Tun jiya ba wanda ya ɗebe mana kewa a ɗakin nan sai ita. Laifinta ɗaya, ta zaɓi labarin banza, kuma za ta canza. Yi aikinki."

Nas ta duba audugar kowa, ta tabbatar ba abin da ya motsa, ta fita tana ƙunƙuni. Da matar Auta ta durƙusa ɗauko wayar, sai ta ga hannun Mama ya damƙe gefen zanin gado har jijiyoyi sun fito.

"Kar ki ƙarasa wancan," Mama ta ce, yadda ita kaɗai za ta ji. "Duhun da nake ciki ya ishe ni."

Bayan sun yi sallar azahar, matar Auta ta haɗa mata shayi ta ba ta a hannu. Mama ta kurɓa sau biyu ta miƙo kofin.

"Ɗauko na soyayya."

"Na'am?"

"Kin ji ni. Kar ki ce babu, ban taɓa ganin wayar mace irinki da babu ba."

Akwai, sun fi ashirin. Su ne na hannun damanta, su take karantawa tana murmushi ita kaɗai har masu kawo ɗinki su tambaye ta ko albishir aka yi mata. Amma ta karanta wa uwar mijinta? Ta zaɓi wanda take ganin ya fi kamun kai, na wata mai sayar da magani da wani malamin lissafi da yake zuwa kullum sayen filasta alhali ko ƙwarzane babu a jikinsa. Ta karanta kanta a sunkuye, kunnuwanta na zafi. Mai Kwanuka sai "Ayya, bawan Allah" take yi. Da aka zo inda ruwan sama ya tsare su biyun a cikin shago, matar Auta ta hango abin da ke tafe a sakin layi na gaba, ta yi wuf ta haure shi.

"Kin tsallake."

"A'a, Mama."

"Yanzu yana bakin ƙofa, yanzu kuma tana gyara ɗankwali. Me ya sami ɗankwalin?"

Ɗakin ya fashe da dariya. Matar Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta koma ta karanta. Ba wani abu ba ne ma, iska ce ta ture ɗankwalin, malamin ya ɗauko ya miƙa mata, yatsunsu suka haɗu, ya manta sunansa. Amma ta karanta shi da muryar mai karanta takardar asibiti.

"Ba haka ake karanta wajen nan ba," in ji Mama. "A hankali ake bi. Kin ɓata wa marubuciyar aiki."

"Hajiya, ashe ke ma gwana ce!" in ji Mai Kwanuka.

Gefen bakin Mama ya motsa. Can ta ce, "Akwai wata kabad a ofishina, ta ƙarfe, koriya. Duk littafin da na ƙwace a hannun yarinya nan nake sa shi. Sun fi ɗari uku. In an tashi, malamai sun watse, sai in kulle ƙofa in ce ina duba rajista."

Matar Auta ta saki baki.

"Duka na karance su. Akwai wani da ya fi ci mini rai. Yarinyar ta yage shafukan ƙarshe kafin ta miƙo mini, don mugunta. Shekara biyu tana gabana a makarantar nan, kullum in na gan ta sai in ji kamar in kira ta in ce, don Allah ya aure ta ko bai aure ta ba? Har ta gama ban tambaya ba. Shugaba ce ni."

Dariya ta ƙwace wa matar Auta, irin wadda ba ta taɓa yi a gaban surukarta ba, har da hawaye. Mama ta bar ta ta gama, sannan ta ce, "In kika faɗa wa mijinki, ni da ke ne."

Suka bi malamin lissafi har ya daina sayen filasta ya turo manyansa. Matar Auta ta yi kukanta a wajen da ta saba yi, wannan karon ba ta ɓoye ba, domin Mai Kwanuka ma tana share ido ɗayan da ya rage mata a waje.

Rana ta karkata. Zafi ya sauko ɗakin, fanka na juyawa a kasale, gadaje uku suka yi barci. Duk takun da ya wuce a baranda sai Mama ta ɗaga kai, in ya wuce ta mayar. Hirar ta ƙare mata. Matar Auta ta duba agogo, saura kusan awa guda. Ba tare da an tambaye ta ba ta buɗe wanda ta fi so duk cikin wayar, wanda ba ta taɓa ba kowa labarinsa ba don kar a ce ta yi girma da almara.

Wani gari ne da aka gina a bayan wata ƙatuwar tsuntsuwa, wadda ba ta sauka ƙasa sai sau ɗaya a shekara ɗari. Mutanen garin a tsakanin gashinta suke noma. Akwai wata mata da aikinta shi ne ɗinke fuka-fukan da iska ta yaga, da allura mai tsawon mutum, tana rataye da igiya a saman gajimare. In matar Auta tana karanta wannan, mancewa take da inda take zaune. Ƙafarta har motsi take kamar tana taka keken ɗinki.

"Dakata," in ji Mama. "Gashin wane launi ne?"

"An ce shuɗi ne, amma in rana ta faɗo a kansa sai ya koma ruwan zinariya ta gefe-gefe."

"Shuɗi wane iri? Ke ce mai ɗinki, kin san yadi."

Matar Auta ta yi tunani. "Kin san mayafinki da kika sa ranar da muka kawo miki babban yarona daga asibiti? Irinsa, amma ya ɗan fi shi duhu."

"Na gan shi," in ji Mama. "Ci gaba."

Ta ci gaba, Mama tana tsayar da ita. Gajimaren fa, fari ne ko toka-toka? Igiyar fa? Da tsuntsuwar ta ratsa ta saman teku da asuba, matar Auta ta ɗago ta ga hawaye yana gangarowa daga mataccen idon, yana shiga kunne.

"Tun jiya ban ga komai ba sai yanzu," in ji Mama. Ta lalubo hannun matar ɗanta ta riƙe. Ba ta taɓa yi ba. "'Yar nan, in ya kwance bai buɗe ba fa?"

Matar Auta ta nemi irin maganganun da ake faɗa a irin wannan wuri, ta ji duk ba za su wuce kunnen Mama ba.

"In sha Allahu zai buɗe. In kuma Allah ya ƙaddara wani abu, wayar nan akwai littafi ɗari da arba'in a ciki. Kuma kullum sababbi fitowa suke."

Mama ta yi wani sauti tsakanin dariya da kuka. "Ban da na sawun nan."

"Ban da shi."

Biyar saura kwata likita ya shigo, dogo, da gajiya a fuska, nas na biye da shi da tire. Ya fara da gado na ɗaya. Can ya iso na huɗu. Ya ɓare filastar a hankali, ya ɗauke audugar, ya goge gefen idon.

"Buɗe a hankali, Mama."

Fatar idon ta yi rawa, ta ɗaga. Idon ja ne, yana ruwa. Mama ta ƙifta, ta ƙifta, ta dubi fanka, ta dubi taga, sannan ta sauke shi a kan matar Auta ta tsaya.

"Ɗankwalinki a karkace yake," in ji Mama.

Mai Kwanuka ta rangaɗa kabbara. Matar Auta ta durƙushe a gefen gado tana dariya tana kuka, tana ta hamdala. Likita ya ɗaga yatsu, Mama ta ƙirga. Ya nuna allon haruffa a bango, ta karanta layi huɗu, ta kuma gaya masa cewa allon ya karkace shi ma. Ya haska idon da 'yar fitila ya ce aiki ya yi kyau. Za ta iya tafiya gida yau. A ɗiga magani sau huɗu a rana, kar ruwa ya shiga, kar ta sunkuya.

"Karatu fa, likita?" in ji Mama.

"Ki ba shi mako biyu ya huta. Daga nan ki dawo mu auna miki tabarau, sai ki karanta abin da kika ga dama."

Matar Auta tana naɗe bargo tana sa kofuna a jaka, bakinta ya ƙi rufuwa, sai wayar ta yi ƙara. Auta ne. Ta faɗa masa da ihu, sannan ta miƙa wa Mama.

"Lafiya lau, Alhamdulillahi. Ina ganin komai, har dattin da ke jikin fankarsu." Mama ta saurara. "A'a, ba sauran matsala. Sai dai karatu. Ya ce kar in kuskura in duba rubutu sai bayan wata uku." Ta sake saurarawa. "To ya za a yi? Sai matarka ta riƙa biyowa in ta rufe shago, ko awa guda ce. Akwai takardun da nake so a riƙa karanta mini. Ga ta nan, ai a gabanta ya faɗa."

Ta miƙo wayar. Jan idon nan yana kan matar Auta, ko ƙiftawa ba ya yi.

"Wata uku?" in ji Auta. "Har haka?"

Matar Auta ta maƙale wayar a kafaɗa, ta ja zif ɗin jakar.

"Haka ya ce," in ji ta.